Faɗuwar da Kalangu Bai Gani Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Sunana Labbo, mahauci ɗan mahauci, a Bungudu aka yanke mini cibiya. Boko ban same shi ba sai da na yi gemu, a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, hannun wuƙa ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ran kasuwar da ta wuce na bi ta bayan mahauta na tarar da samari biyu, ɗaya ya mai da hannuwansa baya ya miƙa kai, ɗayan yana narka masa naushi. Na yi musu magana, suka ce tsoho ya fara ruɗewa. To, tunda baki bai isa ba, ga takarda. Labarin jinyar ƙanena Nomau zan bayar, kuma ni mai ba da labarin, hannuna ne ya kwantar da shi.

Abin ya faru a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, Turawa ba su tafi ba tukuna. Dambe namu ne mu mahauta, gado ne kamar wuƙa da kalangu. Da an yi girbi an kai hatsi rumbu sai mu bi garuruwa ranakun kasuwa, a share fili bayan la'asar, maza su naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare su gwada ƙwanji. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, haka muke cewa. Nomau ya yi kaka huɗu yana shiga fili, daga Bungudu zuwa Gusau har Tsafe, ba wanda ya kashe shi. Makaɗa suka yi masa take, kalangu na cewa “gwiwa ba ta san ƙasa ba”, kuma da ya ji shi sai jikinsa ya hau tsuma, ko da lomar tuwo ce a bakinsa.

Mai horar da shi ƙanen mahaifiyarmu ne, Kawu Tunau, tsohon ɗan dambe mai karyayyen hanci. Kawu yana da wani ilimi da ya gada a wurin nasa maigidan, ana ce masa dakan kai. A ganinsa kai kamar tafin hannun manomi yake, in ya sha wuya sai ya yi tauri. Don haka duk damina, lokacin da ba a dambe, kullum bayan la'asar sai mu kewaya bayan mahauta mu uku. Nomau ya mai da hannuwa baya, ni kuma in naɗa zare in tsoma shi a ruwa don ya ƙara nauyi, in yi ta dukansa a goshi da muƙamuƙi da gefen kunne har Kawu ya ce ya isa. Ni aka zaɓa domin Allah Ya ba ni hannu mai nauyi da ƙafa mai nauyi. A fili ban taɓa tsinana komai ba, amma in mutum ya tsaya cak ya miƙo kai, to nan na iya.

Yakan faɗi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai mu kwara masa ruwa, ya tashi yana dariya yana kaɗa kai, Kawu ya ce, “Madalla, kai ya hwara nuna. Ba a fafe gora ranar tahiya.” Kuma akwai doka, Kawu ya sha nanata ta: “Hwaɗuwar da kalangu bai gani ba, ba hwaɗuwa ta ba.” Ba a ƙirga ta, ba a gaya wa kowa, ko matarka. Mun yarda da wannan har cikin zuciya, ba mu ɗauke shi ƙarya ba.

Ciwon ya fara ne a ƙarshen damina, gero ya yi ido. Wata Talata na sauke masa ɗaya a gefen kunnen hagu, ya zube, muka kwara ruwa bai motsa ba. Ya kai tsawon lokacin da za ka feɗe akuya ka gama kafin ya buɗe ido. Da ya tashi ya tambaye ni saniyar wa aka yanka yau, na gaya masa. Muka yi taku goma ya sake tambaya. Kafin mu kai ƙofar gida ya tambaya sau huɗu, sannan ya durƙusa jikin katanga ya yi amai. Muka ce zazzaɓin damina ne. Washegari kuma, Allah Ya yafe mana, muka koma bayan mahauta na ci gaba da daka, haka ma jibi.

A mako na biyu ciwon kai ya zauna daram. Rana ta zame masa abokiyar gaba, in ya fito sai ya runtse ido kamar an watsa masa barkono. Ya ce yana ganin abu bibbiyu, kunnensa kuma na kuka. Mutumin da ke sara tsoka ido rufe, sai ga shi ya yanke ɗan yatsansa a kan teburin nama. Abin da ya fi tayar mana da hankali hali ne da ya sauya. Nomau mai raha ne, amma ranar nan don matarsa Kulu ta ajiye akushi da ɗan ƙara, ya yi jifa da shi har ya tsage, sannan ya zauna yana kuka.

Nan fa masu magani suka ɓarko, kowa da nasa. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a ƙeya, ya zuƙe baƙin jini ya nuna mana ya ce ga ciwon nan ya fita. Inna, mahaifiyarmu, ta ce sammu ne, domin Kawu ya riga ya karɓi goron dambe da wani bahago na 'Yankuzo, za a kara a Tsafe bayan girbi, ta ce mutanen Bahagon ne suka yi aiki. Aka yi rubutu ya sha, wannan kam ban yi da-na-sani ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma wata gwaggonmu ta taso tun daga Ruwan Bore da turaren da ta ce na iskoki ne, ta rufe shi da zane ta banka hayaƙi, ya fito yana layi yana riƙe da kai da hannu biyu. Kawu shi ma da nasa. Ya ce jini ne ya kwanta a kan, daka ce za ta tashe shi, in ɗauko zare. Na ƙi. Kada wani ya ce hikima ce ta hana ni, tsoro ne kawai, hannuna ya fara ba ni tsoro.

Mako na uku ya fita sallar azahar a masallacin da ke bayan gidanmu bai dawo ba. Sai gab da magariba wani mai jaki ya rako shi, ya ce a bakin gulbi ya same shi zaune, wai yana neman hanyar gida. Mutumin da aka haifa a unguwar! Da safe Kulu ta tare ni a zaure, ita da ko ido ba ta haɗawa da ni don kunya.

“Yaya,” ta ce, “na sai da akuyata. In ba ku kai shi asibiti Gusau, ni ka kai shi, ko bisa kaina na.”

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Muka hau motar gyaɗa mu uku, kan buhuna. Tsakanin Bungudu da Gusau ba wata tafiya ba ce, amma kowane rami motar ta faɗa sai Nomau ya yi nishi, ya yi amai sau biyu, yaron mota na ta ƙunƙuni. A asibiti muka karɓi kati muka bi layi tun hantsi. Ga masu gyambo, ga mata da yara masu tari, ga wani da maciji ya sara, benci biyu ne kawai, sauranmu a ƙasa gindin bishiya. Sai bayan azahar muka kai ƙofa, aka ce likita ya tafi rangadi, sai mako mai zuwa. Aka ba mu farar ƙwaya a takarda. Na fito ina zage-zage, ni da na yi kwana ashirin ban kawo shi ba, yau ina fushi don an ce in jira bakwai.

Mako na huɗu muka koma, wannan karon har da Kawu cikin babbar riga. Likitan Bature ne dogo mai jan wuya, mai yi masa tafinta kuma wani ma'aikacin asibiti, Malam Yohanna, Kirista daga ƙasar Jos, Hausa a bakinsa kamar a Gusau aka haife shi. Da likita ya ji cewa Nomau ɗan dambe ne, tambayarsa ta farko ita ce, an taɓa buga shi har ya faɗi ko ya suma?

Kawu ya gyara hula. “Wa? Nomau? Kaka huɗu ba a taɓa kashe shi ba. A tambayi duk ƙasar ga.”

Likita ya sake tambaya, to yaushe rabonsa da dambe? Kawu ya ce tun kakar bara, wata tara ke nan. Wannan ma a wurinmu gaskiya ce, tunda daka ba dambe ba ce. Likita ya buga alƙalami a tebur, ya ce in haka ne to sai a nemi ciwon a wani wuri, a ɗebi jini a duba, mu dawo bayan kwana goma. Ni ina tsaye ina ji, ban ƙaryata Kawu ba.

Na fita wajen famfo in wanke fuska, sai ga Malam Yohanna a bayana. Ya ce, “Malam Labbo, na ga shatin zare a gefen kunnen ɗan'uwanka. Shatin wata tara ba ya zama ɗanye haka. Ni ba alƙali ba ne, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.” Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ƙato da ni, gaban mata masu ɗibar ruwa. Na gaya masa komai, da zaren da ake jiƙawa, da ruwan da ake kwarawa, da Talatar nan. Bai ce mini kanzil na zargi ba. Ya kama hannuna ya mai da ni ciki, ya tsallake mutum wajen ashirin da ke layi, suna ta Allah-wadai da mu.

Likita ya tashi tsaye da ya ji. Ya haska wa Nomau tocila a ido, ya sa shi ya taɓa hancinsa ido rufe, ya sa shi tafiya a kan layin siminti diddige na taɓa yatsa, taku uku ya yi ya karkace. Ya faɗa masa abu uku ya riƙe, doki da gishiri da tabarma, aka ɗan jima ya tambaye shi, doki kaɗai ya kawo. Sannan ya yi magana, Malam Yohanna na juyawa, kuma har in mutu ba zan manta ba. Ya ce ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai take kamar kindirmo a ƙwarya, kowane naushi girgiza ta yake yi, ko a fili ko a bayan mahauta. “Ba ta koyon duka,” in ji shi, “tara shi take yi.” Ya ce ba shi da allurar wannan ciwo, maganinsa hutu ne da duhu da shiru, watanni. In kuwa aka ƙara masa ko naushi ɗaya kafin ta warke, ko dai a ɗauki gawa, ko a samu mutumin da sai an riƙa ba shi abinci a baki.

Aka kwantar da shi kwana goma sha biyu. Ni na kwana a barandar asibiti, Kulu ta sauka gidan wani mahauci abokin babanmu, tana kawo kunu safe da yamma. Kekena ma na sayar a wannan zaman don kuɗin jinya, ban kuma yi kewarsa ba sai da na fara zuwa cin kasuwa a ƙasa. Kawu kuwa tun ranar farko ya hau mota ya koma, bai ce mini sai an jima ba.

Mako na shida muka dawo gida, nan jinya ta gaskiya ta fara. Kulu ta rataya tabarma biyu a ƙofar ɗaki don haske. Ta kwashe turmi da taɓarya ta kai gidan maƙwabta, can take daka, domin ƙarar kamar a cikin kansa ake yi. Ni na zama dogari a zaure. Kun san mu da gaishe da marar lafiya, mutum goma su cika ɗaki, kowa sai ya ji daga bakinsa, kowa da ƙullin magani a aljihu. Na riƙa tare su ina cewa yana barci, aka ce Labbo ya je Gusau ya koyo girman kan Nasara. Na gode musu da zumunci, Allah Ya saka, amma wallahi wasunsu da sun yi zamansu a gida da sun fi taimako. Da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi nakan riƙe hannunsa mu taka zuwa bakin gulbi mu dawo, kullum mu ƙara kaɗan.

Kawu ya ci gaba da yawo yana cewa Bature bai san dambe ba. Wata safiya na gaji. Ya zo mahauta karɓar nama, na jawo kan wani sa da aka yanka, na sa gatari na raba shi biyu, na kwaso ƙwaƙwalwar na ɗora masa a tafin hannu.

“Kawu, shekara arba'in kana hwasa kawuna. Ka taɓa ishe mai tauri? Ta tsohon sa da ta maraƙi, wace ta hi wata?”

Ya dubi abin yana malalowa ta tsakanin yatsunsa. “Rago hwa? Kullum karo shika yi.”

“Rago Allah Ya ba shi ƙaho. Nuna min na Nomau.”

Kawu ya sake duban tafin hannunsa. Sannan ya ce, “Na jiya. Amma goron mutanen Tsahe na riga na ci shi.” Ya goge hannu a bango ya tafi, ko naman bai ɗauka ba.

Wajen mako na goma aka yi girbi, Nomau kuma ya fara jin daɗin jikinsa. Amai ya tsaya, abu ya daina zama bibbiyu, ya fara tsokanar Kulu. Mu muna murna, ashe lokacin da ya fi hatsari ke nan, domin ciwon kan na nan, da ya sunkuya sai ya dafe goshi, amma ya iya ɓoyewa. Ranar kasuwar Tsafe da hantsi ina wasa wuƙa a zaure, sai na ji kalangu daga bakin hanya. Makaɗa uku ne, da Kawu, da samarin gari a bayansu, ga mota an tsayar. Suka ja birki a ƙofar gidanmu suka saki takensa.

Wanda ba ɗan dambe ba ba zai gane ba. Mutum ba ya jin takensa ya zauna, ba a taɓa yi ba. Kafin in miƙe, Nomau ya yaye tabarmar ƙofa ya fito daga shi sai warki, jikinsa na ɓari, idonsa a runtse saboda rana, yana kirari yana neman zare. Kulu ta riƙe ƙafarsa ya fizge. Inna na daga ciki tana salati. Na san ko mu biyar ne ba za mu riƙe shi ba, in ma mun riƙe shi yau, gobe zai tsallake katanga. Abu ɗaya ne zai tsai da kalangun nan, kuma na san abin da zai ci mini.

Na fita tsakiyar taro na ɗaga hannu. “Ku dakata! Taken ga da kuka kaɗawa ƙarya na. Gwiwatai ta san ƙasa. Ni Labbo, da hannun ga nawa, na kashe shi sau goma sha ukku bayan mahauta daminar bana kaɗai. Ta ƙarshe sai da munka zaci ya mutu. Ga Kawu nan, a gabanai anka yi.”

Kalangu ya tsaya cak. Makaɗi ba ya kaɗa taken da aka ƙaryata a bainar jama'a sai an wanke shi. Babbansu ya juya ya dubi Kawu, ya ce, “Tunau, mi kac ce?” Da a ce Kawu ya ce ƙarya nake, shi za a yarda da shi, ni wane ne. Ya dubi Nomau da ke tsaye yana kare ido da hannu, ya sunkuyar da kai.

“Gaskiya na,” ya ce. “Ni na sa shi.”

Makaɗin ya zare kalangu daga hammata ya rataya a kafaɗa. Samari suka watse ɗaya bayan ɗaya. Nomau ya tako har gabana, na ɗauka marina zai yi, da ma ya yi. Ya ce, “Da ka bari Bahago ya kashe ni a hili, da ya hi min wanga.” Ya shige ɗaki. Daga ranar bai ƙara yi mini magana ba sai gaisuwar da addini ya wajabta, ita ma a ciki-ciki. Kawu ya je Tsafe da ƙafarsa ya ba da haƙuri, aka yi kaka guda ana yi mana zambo a kasuwanni. Ya yi mini zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma kullum na ji muryarsa ta katanga yana faɗa da awaki sai in ce alhamdu lillahi.

Jinyar ta koma hannun Kulu, ni sai dai in aika da romo da hanta in tambaye ta a zaure. Ita ta riƙa raka shi Gusau duk bayan wata biyu. Ciwon kan bai tafi rana ɗaya ba, ja da baya ya riƙa yi, daga kullum zuwa sau biyu a mako, zuwa sai in ya daɗe a rana. Kafin damina ta zagayo ya koma teburin nama. Likita ya ce shawararsa ita ce ya bar dambe har abada. Nomau ya ce wannan kam sai dai a yanke masa hannu. Likita ya ce to ya ƙara kaka ɗaya cur bai shiga ba, kuma kada a sake taɓa kansa da sunan horo muddin ransa.

Abin mamaki, Kawu ne ya nemo sabuwar hanya. Ya rataya buhun yashi a tsamiya don naushi. Ya sa abokan gwaji su naɗe hannu da auduga, a taɓa kafaɗa da ƙirji kawai, wanda ya kai hannu sama da wuya ya bar wurin. Sauran lokacin duk a kan kaucewa ya ƙare, tsoho da sandar kara yana kai masa ta dama ta hagu, shi yana zillewa. Mahauta suka yi ta dariya, wai Tunau ya koma koyar da rawa.

Kaka biyu bayan waccan, aka sake ɗaura dambe da Bahagon 'Yankuzo a Tsafe. Ban so ba, na kuma faɗa, ba wanda ya saurare ni. Na bi su dai na tsaya can baya. Fili ya cika maƙil, har kan bishiyoyi. Lokacin naɗa zare ya yi, Kawu ya ɗauko, sai Nomau ya janye hannu ya waiwaya yana dube-dube. Ɗan dambe ba ya miƙa hannunsa a naɗa sai ga wanda ya yarda da shi da ransa.

“Ina Yaya?” ya ce. “Shi za shi ɗaura min.”

Na naɗa zaren nan ina gani dishi-dishi, sau biyu ina kwancewa ina sakewa.

Bahago ƙato ne, ya saba da Nomau na da, mai tsayawa a yi musayar naushi a ga wanda kansa ya fi tauri. Sai ya tarar da wani mutum daban. Ana yin dambe turmi uku ne, wato zagaye uku. Turmin farko ya kai hannu ya fi sau goma, iska ya riƙa duka. Na biyu ya fusata, yana haki, 'yan kallo na yi wa Nomau ihun matsoraci. A na uku ya zuba duk ƙarfinsa a hannu ɗaya, Nomau ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashi, ya ɗago ya sauke masa a haƙarƙari, ya bi da ɗaya a muƙamuƙi. Bahago ya durƙusa da gwiwa biyu. Ban san na iya tsalle ba sai ranar. Kawu ya jefa hularsa sama ba a ƙara ganinta ba, aka ɗauki Nomau a kafaɗa har bakin mota.

Ya ƙara kaka shida yana dambe, karo biyu ko uku a shekara, ba ya wuce haka. An kashe shi sau biyu a fili, kowane karo kuma ya ajiye zare har shekara ta zagayo, ko wa zai yi gori ya yi. Ya bari da ƙafarsa, ba ɗaukarsa aka yi ba. Sa'o'insa da suka ci gaba da dakan kai, yawancinsu ba su kai rabin haka ba. Shi kansa Bahago na gan shi bayan shekaru a kasuwar Tsafe, hannu na karkarwa, harshe na sarƙewa, na gaishe shi bai san ko wane ne Nomau ba. Na koma gefe na yi kuka, domin jarumi ne, kuma a wurin dakan kai aka cinye shi, ba a fili ba.

Don haka ku masu horo da ku masu miƙa kai, wanda ya faɗi ya faɗi, ko da kalangu ko babu. In ya tashi yana maimaita tambaya, ko ya yi amai, ko haske ya dame shi, ku ajiye zare ku nufi asibiti, kuma ku gaya wa likita abin da ya faru duka. Allah Ya saka wa Kulu, ita ce namijin cikinmu. Allah Ya saka wa Malam Yohanna da likitan nan duk inda suke. Allah Ya jiƙan Inna da Kawu Tunau, wanda ya faɗi gaskiya a ranar da ƙarya ta fi sauƙi.

Nomau yana nan da ransa, furfura ta cika kai, shi ke raba gardama a mahauta in an rikice a kan wa ya gaji wa. Jiya na kai masa wannan takarda na karanta masa tun daga farko. Ya tsai da ni sau huɗu, ya ce ba haka aka yi ba, ga yadda aka yi. Na yi musu, muka kira Kulu, duk huɗun ta ba shi gaskiya, dole na goge na gyara. Ya kwashe da dariya har yana tari, ya dafa kafaɗata.

“Yaya,” ya ce, “ni anka daka ma kai, kai ka mantuwa.”